Kujerar Sunusi a Kwamitin Kasuwa

Agege, Legas
12 ga Maris, 2001

Zuwa ga Yaya Hashimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali da duk mutanen Gumel. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan. Mu nan lafiya lau, Bilkis ta fara tafiya, ƙafar maigida kuma ta yi sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba, har da kai a ciki. Ka san tun da farar hula suka dawo, ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin kasuwa na mutum tara ban da ciyamansu, ƙanenmu Sunusi ne kaɗai namu a cikinsu. Da zai tafi gida rasuwar Baba, ya je har gidan ciyaman da goronsa ya yi sallama, ciyaman ya yi masa ta'aziyya ya ce ya je ya dawo lafiya. Shi a ganinsa ya gama komai. Ashe dokarsu ta ce duk wanda ya rasa zama uku a jere bai aika wa sakatare takarda ba, kujerarsa ta tashi. Duk mako biyu suke zama, kai kuma ka riƙe shi mako bakwai, daga sadakar arba'in ka ce sai an raba gona.

To a zama na uku suka ayyana kujerarsa babu kowa, suka kuma yanke a tashe mu, mu masu sayar da kayan ciki, daga rumfarmu ta bakin famfo, a mai da mu bayan tashar motocin haya na danfo inda ko ɗigon ruwa babu. Da me za mu wanke tumbi, da yawu? Huɗu da huɗu aka yi, ciyaman ya raba gardama. Da Sunusi na nan da ba a kai ga haka ba.

Ni da Mariamu, abokiyar sana'ata, muka je sakatariya, muka wuni a kan benci. Sakataren ya karɓe mu da mutunci, ya buɗe littafin dokar ya nuna mana da yatsa. Na ce masa ai an gaya wa oga baki da baki, ya ce shi abin da ke fayil ya sani, goro kuma ba ya shiga fayil. Wallahi na ji kamar in fasa ihu, amma mutumin bai yi ƙarya ba. Ya ce ƙofa ɗaya ta rage: Sunusi ya zo da kansa ya sa hannu a takardar koke cikin kwana ashirin da ɗaya daga ranar zaman nan. Yau tara sun wuce.

Don Allah Yaya ka sa shi a mota ranar da wasiƙar nan ta same ka. Gona ba ta da ƙafa, za ta jira shi. Mu mata goma sha bakwai ne a rumfar nan, kuma kai ka riƙe wa Baba tsani ranar da ya buga mata kwano. Ita ma gadonsa ce, ita ce ake shirin rushewa.

Ka gaishe da Inna, da Kalsum, da Goggo Rahmatu. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Dije