Garin da Jirgi Ya Kwana Tara

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya da iyalinsa. Yaya gwiwa? Na rubuto ne maimakon in kira, don ran nan da na ce maka a waya an buɗe sabon asibiti, cewa ka yi, "Allah ya jiƙansa." Shekara arba'in a kan injin jirgi sun gama da kunnuwan nan naka, sai haƙuri.

Albishirinka, Baba: jirgi zai dawo. Bayan shekara goma sha tara ba mu ji kukansa ba, ga ma'aikata nan suna cire tsohon dogo suna shimfiɗa sabo. Sai dai da sauran rina a kaba. Injiniyar da ke kula da aikin, wata matashiya mai fara'a, ta tara mu a makarantarmu ta ce ba a tsohuwar tasha zai tsaya ba, wai gidaje sun matse ta. Za a karkatar da layin a gina sabuwa a kwarin nan na gabas, tafiyar awa biyu a ƙafa, inda fili yake a shimfiɗe kamar tabarma.

Ka san abin da wannan ke nufi. Kasuwa, teloli, masu dako, duk a bakin tasha suke jiran ranar nan. Mai walda ya miƙe a taron ya ce in tasha ta tashi, ko gari ya bi ta ko ya bushe a tsaye.

Dattawa sun ɗora mini rubuta tarihin gari a kai wa kamfani, ko sa duba mu. Sati uku aka ba mu. Na ɗauki biro, sai na ga ni da ke koya wa yara tarihin duniya ban san yadda garinmu ya fara ba. Ka taimake ni. In da hali ma ka zo da kanka, shekara bakwai ke nan tun rasuwar Inna ba ka taka garin nan ba.

Taka mai biyayya,
Malama

*

Uwata ta kaina,

Wa'alaikumus salam. Na ga takarda, na karanta ta sau uku, na kuma karanta wa yayanki da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Kunnena lafiyarsa lau, wayoyin zamani ne ba sa magana da ƙarfi.

Kin zo gidan tarihi. Rubuta: kakanki ne ya kafa garin nan, shi kaɗai, da famfonsa. Jiragen wancan zamani suna shan ruwa kamar raƙuma, kuma duk yankin rijiya ɗaya ce ba ta ƙafewa, wadda ke bayan tasha har yau. Kamfani ya kafa tanki, ya gina ɗaki uku, ya ajiye kakanki ya riƙa tura ruwa. Ban da shi da iyalinsa, sai birai.

Da na yi wayo na tarar da gida kamar ashirin. Makarantarmu ta farko wani tsohon tarago ne da aka cire wa ƙafafu. In rana ta take, rufin ya yi zafi, malam ya fito da mu gindin tanki, ruwa na ɗiga a kan allo yana goge lissafi, mu kuwa muna murna. Sannan aka gina sito, manoma suka fara kawo amfanin gona a kan jakuna. Bayan sito kasuwa, bayan kasuwa masauki, sai ɗakin shan magani mai gado biyu. Ba mai agogo a garin. Jirgin safe ya yi kuka, a tafi gona. Na yamma ya yi kuka, a ɗora tukunya. Ranar da ya makara, gari duka ya makara.

Ni kuwa da shebur na fara, ina zuba kwal a wuta, fuska baƙi ƙirin har kakarki ta taɓa wuce ni a dandamali ba ta gane ni ba. Ranar da na fara shigowa garin ina direba, na ja jiniya tun daga gada ban saki ba sai da shugaban tasha ya fito yana toshe kunne.

Rubuta duk wannan, kuma ki ja layi a ƙarƙashin "shi kaɗai."

Batun zuwa, gwiwa ba za ta bari ba. Ki gaida Goggonki, kada ki nuna mata takardar nan.

Mahaifinki

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ni ce yayarka nake faɗa, 'yarka na rubutawa, kuma na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta sa masa suga.

An karanta mini takardarka. "Shi kaɗai," in ji ka? Kai da kake goye a bayan Iya kana tsotson yatsa, kai ne za ka ba da labari? Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Saurara.

Ina da shekara takwas. A lokacin dogo ba ta gefen rijiya ya bi ba, ta cikin kwarin gabas ya bi, Baba yana tura ruwa ta bututu zuwa can. Wata damina aka yi ruwa kwana uku ba tsayawa. Kwarin ya cika ya zama kogi, ya kwashe dogo gaba da baya, ya bar jirgi tsaye a tsakiya da mutum fiye da ɗari biyu. Baba da leburori suka ɗaura igiya aka fito da su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rasu. Suka hawo tudu, suka tsaya a ƙofar ɗakinmu suna rawar ɗari.

Baba ya dubi Iya ya ce, "Ina za mu kai su?"

Iya ta ce, "Ina kuwa? Ai sun iso."

Ta buɗe rumbu. Ta sa aka yanke gangunan mai aka wanke aka yi tukwane. Ta raba matan jirgi aiki, wasu daka, wasu wuta, ni kuma aka ɗora mini kai. Kwana tara jirgin ya yi a nan. A kwana taran nan wani tela ya sauke kekensa daga tarago ya kafa a inuwa, wani wanzami ya shimfiɗa buzu, wata mata ta haihu, aka kuma daidaita aure biyu. Da aka gyara hanya jirgi ya yi kuka, gida bakwai suka ce ba inda za su, sun ga ruwa sun ga mutunci. Kakan mai walda yana cikinsu. Bayan nan kamfani ya ɗauke layi ya hawo da shi tudu kusa da rijiya.

To ka ji. Famfo na Baba ne, amma gari tukunyar Iya ce ta kafa shi.

Yanzu kuma wai a kwarin nan za a gina tasha. Na sa aka kai ni wurin yarinyar nan injiniya na gaya mata. Ta durƙusa ta gaishe ni, 'yar mutunci ce, ta ce, "Kaka, na ji, amma a takardunmu babu wannan, kuma mun auna ƙasar, a bushe take." Na ce, "Da rani kika auna, 'yar nan. Kura ma da rana kamar ta Allah." Ta yi dariya ta ce in akwai shaida za ta duba.

Ni na san dogon yana nan a binne, amma idona ya yi rauni, kwarin kuma ya sauya. In ka san wani abu ka faɗa. Gwiwa kuma ƙarya kake, da ita kake zuwa kallon ƙwallo, an gaya mini.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na janye "shi kaɗai." A goge layin da aka ja.

Takardarki ta tono mini abin da na manta. Shekarar da zan fara aiki, Baba ya kai ni kwarin nan da ƙafa. Ya tsaya a jikin wani dutse mai tsaga a tsakiya, ya juya wa rana baya, da hantsi ne, ya ƙirga taki arba'in. Ya buga ƙafa ya ce, "Nan akwai ƙarfe a ƙasa. In ka zama direba, kada ka raina ruwa." Na ɗauka wa'azi ne kawai irin na tsofaffi. Ku nemi dutsen. Ku tuna Baba dogo ne, takinsa ba irin na kowa ba ne.

Batun gwiwa, kin kama ni. Gaskiyar ita ce ƙofar gidana tana kallon tasha. Shekara talatin da shida, duk shigowar da zan yi da jirgi, uwar yaran nan tana tsaye a ƙofar, hannu a ƙugu, wai ita shara ta fito zubarwa. Ban san yadda zan shigo garin in ga ƙofar ba kowa ba. Kada ki bari Malama ta karanta wannan sashe.

Na manta, ita ke karanta miki. To, shi ke nan.

Ƙaninki

*

Baba,

Assalamu alaikum, da gaisuwa mai yawa.

Ranar Asabar muka tafi kwari, mutum ya fi ɗari, da diga da shebur. An ɗora Goggo a kujera a bayan motar mai bulo, tana riƙe da sanda kamar mai jan runduna. Injiniya ta biyo mu da ma'aikatanta biyu.

Dutsen ya ba mu wuya, ƙasa ta cinye rabinsa, sai wani makiyayi ne ya nuna mana. Mai walda ya ƙirga taki arba'in, aka haƙa har ƙugu, ba komai. Aka matsa gefe aka sake, ba komai. Rana ta yi zafi, mutane suka fara zamewa, na ga injiniya tana duba agogo.

Sai Goggo ta daka tsawa daga kan mota: "Wa ya ƙirga takin nan?"

Aka ce mai walda.

Ta ce, "Wannan guntun? Takinsa arba'in ai ashirin ne na Baba! Ku nemo mini dogon mutum!"

Aka tuntsire da dariya, har shi mai waldan. Aka jawo limaminmu, ka san tsawonsa, ya tattare riga ya taka arba'in. Aka haƙa. An kai ƙirji, sai diga ta ce ƙwal! Aka sa hannu aka share laka, ga dogo nan kwance, ya yi tsatsa, ya lanƙwashe kamar an murɗa tsumma.

Injiniya ta cire takalmi ta dira cikin ramin da kanta. Ta daɗe tana shafa bangon ramin, tana nuna wa mutanenta yashi da laka hawa-hawa, ta ce kowane hawa ambaliya guda ce, ta ƙirga biyar. Da ta fito ta je gaban Goggo ta ce, "Kaka, kin hana ni gina tasha a cikin kogi." Goggo ta ce, "Ba komai, gobe ki riƙa tambayar tsofaffi kafin ki tambayi na'ura."

Shekaranjiya amsar kamfani ta zo: tasha na nan inda take, in za a samu filin faɗaɗa ta. Kafin a gama karantawa mai walda ya ce a rushe rumfarsa. Teloli suka ce za su ja baya. Makaranta ta ba da gefen fili. Ni ma na ba da katangar gidanmu ta gaba, ba tare da na tambaye ka ba, ka yafe mini. Za a sake mana ƙofa ta gefen kasuwa.

Na karanta sashen da ka ce kada in karanta. Ni ma nakan ga ƙofar nan, Baba, kullum. Amma jikokinka uku sun cika gidan da ihu, ba ya zama shiru ko na minti ɗaya. An ce bayan wata biyar jirgin farko zai shigo.

Tarihin ya kai shafi talatin. Yara sun ce in karanta musu shi a aji maimakon na littafi.

Taka,
Malama

*

Uwata,

Gaisuwa gare ki da Goggonki da jikoki. Ki yafe jinkirin amsa, jira na yi watannin nan biyar su cika. Katanga kuwa kin yi daidai.

Yau na je tasha na shiga layi kamar kowa. Shekara arba'in ina jan jirgi, ashe ban taɓa sayen tikiti ba, ban ma san ta wace taga ake miƙa hannu ba, sai da wata mata ta nuna mini. Na roƙi kujerar gefen taga, ta hannun dama, don in ga garin tun daga gada. Ban san yadda fasinja ke zama ba, ina jin zan yi ta gaya wa direba ya rage gudu.

Mai tikitin ya tambaye ni, "Baba, zuwa da dawowa?" Sai da ya maimaita sau uku. Ya ɗauka ban ji ba ne. Na ji sarai, tunani nake.

Na ce masa zuwa kawai.

Ranar Laraba, jirgin farko, tarago na biyu. Ki share mini ɗakina.

Mahaifinki