Rumfar Takardar Da Muka Nemi Kafawa A Nassarawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ƙawata Unguwanni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka, ina roƙon Allah ya sa wannan saƙo ya riske ka cikin sanyin zuciya. Sunana Isyaku Ɗanlami, ina zaune a Giginyu. Ba ka san ni ba, ranka ya daɗe, ko da yake mun taɓa gaisawa a bakin motarka. Na rubuto maka ta jarida ne saboda takardun da na kai ofishinku da hannuna ban san inda suke kwana ba, ƙarfina na zirga-zirga kuma ya ƙare.

Bari in fara da faɗa maka ko wane ne ni. Sana'ata ta asali ita ce gina siffofi da siminti. Shekara da shekaru ni nake yi wa gidajen Nassarawa GRA jimina da barewa da kifin nan da ruwa ke fita ta bakinsa a tsakiyar lambu. Da wannan sana'a na yi aure, na gina ɗakunana, na sa yara makaranta. Da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan, ina cikin waɗanda suka fita suka yi kabbara. Babu wanda ya zo ya hana ni aiki. Masu gidaje ne suka daina nema, wasu ma suka kira ni in rushe abin da na gina musu, na kuma rushe. Ni da kaina na je wurin limamin unguwarmu, ya yi mini bayani a kan siffar abu mai rai, na gamsu, na dawo gida na farfasa abubuwan da nake zuba siminti a ciki. Har yau ban yi da-na-sani ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya karanta ya ce kukan da nake yi da Shari'a nake.

Sai dai hannuna ya ƙi zama. Na koma tattara buhunan siminti na takarda da magina ke zubarwa, da kwalayen shaguna, ina yankawa ina liƙawa, ban ma san me nake so in yi ba. Wadda ta nuna mini hanya ita ce Malama Rifkatu, wata Kirista daga ƙasar Zariya da ke koyar da aikin hannu a wata firamare a nan GRA. Ita ta koya mini yadda ake jera takarda bisa takarda da sitacin rogo har ta yi tauri kamar fata, da yadda ake rina ta ba ta yage ba. Duk takardar da muka ga sunan Allah ko aya a jikinta muna ware ta gefe. Malama Rifkatu ma ta fi ni sa ido a kan haka.

Akwai wata mahaɗar titi a bakin shiga GRA inda ma'aikatan gidaje ke jiran mota: direbobi, masu dafa abinci, masu gadi, masu ban ruwan lambu, mutanen Giginyu da Gawuna da Kawaji. Tun da aka sare darbejiyoyin wurin don faɗaɗa titi, a rana suke tsayawa, babu abin kallo sai katanga da waya a kanta. Muka yi shawarar kafa musu rumfa ta takarda a kan sandunan gora, mai launi, an huda ta da zanen dagi da irin aikin wuyan babbar riga, yadda in rana ta ɗaga, zanen zai sauko ƙasa ya kwanta a jikin masu tsayuwa. Za ta tsaya watannin rani, a sauke ta kafin ruwan farko, a jiƙa takardar a sake wata baɗi. Iyakar abin da muka nemi tallafinku a kai ke nan. Ga kokena.

Na ɗaya. Bayan zaɓe, da aka kafa kwamitinku, a rediyo na ji sanarwa cewa duk mai sana'ar da ke da dabarar ƙawata unguwa ya kawo. Na kai ƙaramin samfuri. Sakataren kwamitin ya ɗaga shi sama a bakin taga, ya ga zanen ya sauko a kan teburinsa, ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Ya ce in je in fara, kuɗi za su fito da zarar an sake wa kwamiti nasa kaso. A kan wannan magana na tafi Kawaji na tara mata waɗanda mazansu suka rasa aiki tun da masana'antun Dakata suka fara rufewa. Shugabarsu Talatu, mijinta ya rasu ya bar mata yara. A cikin gidajensu suke yankan zanen da reza, ni ina bi ina karɓa. Babu ɗayarsu da ta taɓa ganin sakatare. Ni suka gani, bakina suka ji.

Na biyu. Da na koma neman cikon magana, aka ce sai malamai sun duba ko akwai abin da ya saɓa wa addini. Na ji daɗin haka, na kai musu. Ba su ɓata mini lokaci ba. Suka juya, suka duba, suka ce babu mai rai a ciki, babu laifi. Ɗaya daga cikinsu ma ya tambaye ni ko zan yi wa farfajiyar Islamiyyarsu irinta. Daga nan yawo ya fara. Ɓangaren ayyuka suka ce takarda ba gini ba ce, ba su da layin da za su rubuta ta a kasafi. Ɓangaren al'adu suka ce nasu kiɗa ne da rawa da tarbar baƙi. Ɓangaren muhalli suka ce a wurinsu takarda a bakin titi sunanta shara. Kowa da fara'a ya sallame ni. Babu wanda ya ce a'a, ranka ya daɗe, kuma wannan ne ya fi cin raina, domin da an ce a'a tun farko da na sallami matan nan sun koma dakau da ƙullin gyaɗarsu. Rani uku ke nan ina wannan kai-komo.

Na uku, kuma shi ne ya karya ni. A ranin bara na gaji da jira, na roƙi sakatare ya bar ni in kafa ɓangare ɗaya na rumfar a matsayin gwaji, ba tare da ko kwabonku ba. Ya ce in je in kafa, babu komai. Na nemi ya rubuta mini, ya yi dariya ya ce ai maganarsa ta isa. Muka kafa. Da ma ka ga wurin nan. Masu jiran mota suka taru a ƙarƙashi suna miƙa hannu zanen na sauka a tafinsu. Wata mai aikin gida ta bar mota ta wuce ta don 'yarta ta ƙi fita daga inuwar. Wani tsohon mai gadi ya ce mini tun da ya zo birnin nan daga Jigawa bai taɓa ganin an yi wani abu a titi don irinsu ba. Talatu ta yafa mayafi ta zo ta tsaya nesa tana kallo, sannan ta koma ta turo sauran matan ɗaya bayan ɗaya.

Rumfar ba ta yi mako ba. Wata safiya na zo na tarar da sanduna kawai. Masu kwashe shara ne suka sauke ta, suka haɗa da sauran tarkace suka cinna wuta a bakin kwata. Na same su, suka ce umarni aka ba su na cire duk abin da ba shi da takardar izini. Ban ga laifinsu ba. Na wuce ofishinku da guntun da wuta ta rage a hannuna. Sakatare ya ce bai tuna ya ba ni izini ba. Da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya ce, "Haba Malam, takarda ce fa."

Na fito na zauna a kan dakalin ofishin har aka kira azahar.

Na huɗu. An sha gaya mini cewa gwamnati ba ta sa kuɗi a abin da ba zai daɗe ba. Ranka ya daɗe, ina neman afuwa, amma duk katangar da ke tsakanin Gawuna da GRA cike take da hotunan 'yan takara, har da naka. Su ma takarda ne, da sitaci aka liƙa su kamar namu, kuma wani ya biya kuɗinsu. Zaɓe ya wuce, suna nan suna ɓarewa, babu motar da ta zo ta ƙone su. Tutocin da ake jerawa in babban baƙo zai zo, kwana nawa suke yi? Ni kuwa na yi abin da ke daɗewa. Na yi shi da siminti da rodi, na kuma ga yadda ake sa masa guduma. Rumfar takarda ba ta tare wa kowa fili, ba ta zama abin rigima, in mutane ba sa so a sauke ta da hannu ɗaya. Abin da muka nema na gora ne da sitaci da rini da ladan matan da suka yi yanka. Adadin yana cikin takardun da ke hannunku, in an neme su.

Na biyar shi ne halin da muke ciki yanzu. Sauran ɓangarorin rumfar suna jere a garejin wata Hajiya a nan GRA, wadda na taɓa yi wa maigidanta marigayi aiki. Ta ba mu wurin don Allah. Yanzu magada sun sayar da gidan, mai saye zai rushe ya yi shaguna, an kuma ce mu kwashe kayanmu. Hajiya da kanta ta kira ni tana ba ni haƙuri, ita ma gidan ɗanta za ta koma. Ɗakina ba zai ɗauki ko rabin kayan ba. Gara ta riga ta shiga na ƙasa, duk zuwan da na yi sai na zubar da wani. Malama Rifkatu ta yi ritaya, tana haɗa kayanta za ta koma gida. Ta ce in bar abin haka, Allah ya ga niyyarmu, amma na ga ta naɗe wani ɗan yanki ta sa a jakarta. Matan Kawaji sun daina tambayata. In na bi ta layinsu sukan gaishe ni da mutunci, su ce yaya gida, su wuce. Na fara canza hanya.

Ba ni da kowa a gwamnati. Kansilanmu ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ban san lauya ba, kuma ko na sani, me zan kai masa? Saboda haka roƙo kawai nake yi.

Ina roƙon ka ba mu izini a rubuce, da hatimin ofis, mu kafa abin da ya rage a mahaɗar nan ko da na wata ɗaya ne, ko da babu kuɗi. Ina roƙon a duba matan nan, a ba su ladan wahalarsu ko ni ba a ba ni komai ba, domin ba don sha'awar zane suka zauna suna yanka har yatsunsu suka yi kanta ba. Ina roƙon a ara mana ɗaki a cikin ɗakunan gwamnati da ke kulle babu komai a ciki, mu sa kayan kafin a zo rusau. In duk wannan ba zai yiwu ba, to a gaya mini ba zai yiwu ba, da bakin wanda ya isa, in je in faɗa wa Talatu gaskiya in huta.

Akwai abin da ban so in sa a jarida ba, amma zan faɗa. Yanar ido ta rufe mini idon dama, na hagun ma ya fara hazo. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma ko an yi ba lalle in koma ga ƙananan yanka ba. Yanzu da yatsa nake bin zanen in gane wanda gara ta ci. Ba na jin zan iya yin wata rumfar bayan wannan. Ina so in ga wannan a tsaye tun ina iya gani.

Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana, ya yi riƙo da hannunka a kan amanar da ke wuyanka, ya haɗa ka da mashawarta masu gaya maka gaskiya. Allah ya tsare ka daga ranar da za ka tsaya a ƙofar wani kana jiran amsa. Ya zaunar da jiharmu lafiya, ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isyaku Ɗanlami,
Giginyu, Kano.