Zan Leƙa Bebeji

Zuwa ga Maigida, Baba Ilu bakanike,

Bayan gaisuwa irin ta yaro da ubangidansa. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba, amma hannuna ya ƙi haƙura.

Ka san ni, ba na ɓoye abin da na yi. A aji uku na bar sakandare, amma yau tun daga Kiru har Doguwa, tarakta in ta ƙi tashi ni ake nema. Na buɗe garejina a Tudun Wada, na yi gini da bulo, na kai mahaifiyata Makka. Kullum faɗa nake ba wanda ya koya mini. To, ba gaskiyata ba ce? Tun da ka ɗauke ni aiki a garejinka na Ƙofa, shekarar da soja suka karɓi mulki daga farar hula, duk ranar da aka kawo aiki mai wuya sai ka ɗauki hularka ka ce za ka leƙa Bebeji. Ka bar ni da inji a warwatse, mai shi yana tsaye a kaina.

Bayan addu'ar bakwai ɗinka na tsallaka titi shan fura wurin Inna Dije, Bafulatanar nan ta gindin tsamiya. Na ce mata Allah ya jiƙan Maigida, amma ya cika yawon Bebeji. Ta yi dariya har da hawaye. Wai Bebejin taka ba ta wuce bayan tsamiyarta ba. Nan kake zama, ka sayi fura ka kasa sha, ka kasa kunne wajen gareji. In inji ya tashi sai ka zagaya ta bakin kasuwa, ka dawo kamar mai saukowa daga mota.

Ta tuna mini ranar taraktar mutanen Ba'awa, ana tsakiyar huɗa, da na ɗaura famfon mai a karkace. Ta ce daga jin tarin da injin yake yi ka gane, ka damƙe ludayinta har ya tsage, amma ba ka tashi ba sai da na gano da kaina.

Maigida, wace irin zuciya Allah ya ba ka? Sunanka ne fa a bakin manoman nan. Da na lalata, kai za a zaga.

Jiya na gwada. Na ce wa ma'aikatana zan leƙa Kiru, na laɓe bayan shagon mai faci. Ko ruwan alwala bai bushe a hannuna ba na koma na ƙwace sifana daga hannunsu. Ashe zaman nan ya fi gyaran wuya.

Labarin gida: uwargidanka Hajiya tana nan da sauƙi, dawa ta yi kyau bana. Ɗanka Sani ya sa ana rubuta sunayen waɗanda ka yaye a bangon garejinka. Ya tsallake nawa, wai ya ji ina cewa ba ni da malami. Na aika masa cewa ya sa ni, kuma a sama, da manyan baƙaƙe, don ba wanda ka fi leƙa wa Bebeji kamar ni. In ya ƙi, da fentina zan zo.

Allah ya haskaka makwancinka.

Naka,
Garba Injiniya, yaron Baba Ilu