Motar Maman Yara

Litinin, 4 ga Agusta

Bayana ciwo yake tun safe. Rabin wuni a ƙarƙashin sitiyari, kai ƙasa ƙafa sama, da shekaruna.

Matar nan mai kai yara makaranta ta kawo motarta, Maman Yara ake ce mata. Waifa mai share gilashi na tashi da kanta ana rana tsaka, fitilar ciki ba ta mutuwa, sigina sai in ta ga dama. Na canza fiyus biyu, na naɗe wata waya da ta goge tana taɓa ƙarfe. Na ce mata shi ke nan, ta tafi tana godiya. Shekara talatin da ɗaya ina wayarin mota, wannan ba zai ɗaga min hankali ba.

Talata, 5 ga Agusta

Ta dawo. Yau kuma hon ne, shi kaɗai yake ihu a bakin danja.

Laraba, 6 ga Agusta

Batir ya wayi gari a mace. Wani abu na shan wuta bayan an kashe mota. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ƙwan gwajina, ban sami komai ba. Na ba ta aron batirina, na ce ta lallaɓa zuwa Asabar.

Raina ya ba ni akwatin nan ne, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke juya fitilu da ƙofofi da waifa da hon. Ban duba ba. Na san dalilin da ya hana ni dubawa.

Alhamis, 7 ga Agusta

Ta kira ni da azahar. Wai ta tsaya ƙofar wani gida, ta kashe mota, ta fita ta tsallakar da wata 'yar ƙarama titi. Tana juyowa ta ji ƙofofi sun kulle kansu, makulli na ciki, yara bakwai na ciki, gilasai a rufe, ga rana. Babbar cikinsu ta ja hannun ƙofa, ya ƙi. Sai da Maman Yara ta fasa gilashin ƙofar direba da dutse. Yaran ba abin da ya same su sai kuka. Ita ce ta yanke a hannu, an yi mata ɗinki huɗu.

An jawo motar nan shagona. Ta zauna kan benci da hannu a naɗe, ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce gida biyu sun cire 'ya'yansu. Can ta ce, "Baba, don Allah ka gaya min gaskiya. Ka san abin da ke damunta, ko lalube kake?"

Na ce ta ba ni kwana uku. Ban iya cin abinci ba.

Juma'a, 8 ga Agusta

Na kwance dashbod ta gefen fasinja na ciro akwatin. Bakin soket duk ya yi kore, fil biyu sun ruɓe. Kafet ɗin wurin a jiƙe. Na sa ruwa a buta na zuba kan gilashin gaba ina kallo, sai ga shi yana ɗiga ta robar kusurwa, daidai kan akwatin. Tun farkon damina ke nan yake sha.

Ba ya gyaruwa, sai an canza. Kuma ko an sa wani, motar ba za ta san shi ba sai an haɗa su da kwamfuta, shi da makullan. Mutum ɗaya na sani da ke da irin na'urar kuma na yarda da hannunsa. Auta, ƙanina.

Shekara uku ba mu yi magana ba in ban da gaisuwa a gaban mutane. Tare muke a shagon nan har ranar da ya kawo zancen sayen kwamfuta, na ce a gaban masu motoci duk wanda sai inji ya gaya masa ciwon mota ba mai sana'a ba ne. Aka yi dariya. Washegari ya kwashe kayan aikinsa.

Asabar, 9 ga Agusta

Uwargida ta ce, "Baban yara, ƙaninka ne fa, ba alƙali ba." Na ce ta kawo min man zafi.

Lahadi, 10 ga Agusta

Ruwa wuni guda. Ban fita ba.

Litinin, 11 ga Agusta

Na samo akwati na hannu a wurin masu kayan gyara, shago na shida kafin lamba ta yi daidai. Na wanke soket, na canza filolin da suka ruɓe, na ɗaura. Na murza makulli ina cewa ko Allah zai sa. Shiru. Wata 'yar jar fitila kawai ke ƙifta min ido.

Maman Yara ta leƙo da yamma. A tasi take kai yaran da suka rage, sawu biyu safe, sawu biyu rana. Ta rame. Ta dubi dashbod a kwance ta tafi.

Talata, 12 ga Agusta

Na je.

Sau biyu na wuce ƙofar shagonsa kafin na shiga. Shagon tsaf, har da fanka. Yana ganina ya miƙe, ya jawo min kujerarsa. Ya yi furfura a gemu, ban sani ba. Muka gaisa, ya gida, ya yara, muka sake gaisawa. Na rasa ta inda zan fara, sai na ajiye masa ruɓaɓɓen akwatin a tebur.

Ya juya shi ya ce, "Yaya, ƙarfe nawa zan zo?"

Shi ke nan. Na shirya jin magana, na ma shirya amsa. Bai ba ni dama ba.

Laraba, 13 ga Agusta

Ya zo ƙarfe tara da jakarsa. Ya jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari, ya danna nan ya danna can, ya ce in murza makulli in mayar, sau uku. Bai fi minti ashirin ba. Motar ta tashi. Muka gwada komai: fitilu, waifa, hon, ƙofofi har sau goma. Abin da ya ci min kwana tara.

Na ga ya tsaya yana kallon gam ɗin da na liƙe robar gilashi da shi. Na nuna masa inda ruwa ke bi. Ya ce da shi ne, akwatin kawai zai canza, wata biyu ya sake ruɓewa, don na'urarsa ba ta ganin yoyo. Ban san ko don in ji daɗi ya faɗa ba. Na ce ai ba komai ba ne.

Ya sha shayi a tsohon kofinsa mai karyayyen hannu. Ashe ban yar ba.

Juma'a, 15 ga Agusta

An sa mata sabon gilashi, ta karɓi motarta. Kafin ta shiga na gaya mata tun ranar Larabar farko na yi zargin akwatin, ban duba ba, kuma laifina ne abin da ya sami hannunta. Ta dube ni. Ta ce, "To, Baba. Na ji." Ba ta ce ta yafe ba. Gida ɗaya sun mayar mata da yaransu, ɗayan sun ƙi.

Bayana har yanzu ciwo yake.

Litinin, 18 ga Agusta

Na tashi da wuri yau, aiki babu yawa. Hanya ta biyo da ni ta shagon Auta, ko da yake sai an yi zagaye. Na tarar yana kan wata mota, ya miƙo min na'urar ya ce in riƙe masa. Sai kuma ya ce in danna maɓallin sama, in jira, in karanta masa abin da ya fito. Na karanta. Ya ce daidai.

Na rubuta yadda ake bi a bayan littafin nan, layi shida. Ba wai koyo nake ba, don kada ya sake tambayata ne in tsaya ina kallonsa. Ya ce jibi za a kawo wata babba. In na sami lokaci.