A Tono Hauya Ta Uku Kafin Ruwan Shuka

Zuwa ga mai girma Shugaban kwamitin sasanta rikicin gonaki na kwamin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki, ina yi maka sannu da zafin bazara, da sannu da ɗawainiyar jama'a.

Ranka ya daɗe, sunana Laminu, ina gyaran rediyo da talabijin a Zango, cikin Zinder. A birni nake zaune, amma mahaifina ɗan ƙauyenku ne, kuma ƙanwarsa tana can har yau. Ita ce Gwaggo Habsu, tsohuwar da kwamitinka ya yanke wa kwarin gonarta ya ba Alhaji Isufu a watan da ya shige. Na rubuto a fili ne domin na gaji da ɗumama benci a ƙofar biro ɗinka, wato ofishinka. Ƙara na kawo, sai dai ƙara ce mai nauyin baki, domin wanda ya fara ɓata lamarin nan ba kai ba ne, ba Alhaji ba ne. Ni ne, da hannuna.

Na ɗaya, yadda na shiga maganar.

Ƙanena ya tafi haƙar zinariya a arewa, ya dawo ba zinariya, sai tari da wani apare da ya mutu. Injin nan ne mai faifai a ƙasa, ana share ƙasa da shi, in ya ji ƙarfe ya yi kuka. Ya jefar mini da shi a shago, ni kuwa ba na iya ganin abu ya mutu in ƙyale shi. Na gyara, na fita da shi wani kufai a bayan gari don gwaji, na tono tamma guda, kuɗin ƙarfe na zamanin Faransa. Tun daga ranar abin ya shiga raina. Wasu Lahadinsu ƙwallo, wasu dara, ni tawa yawon kufai da apare da ɗan cebur. Matata ta ce ta auri mai gyaran rediyo, ta wayi gari da kaza. Na tara tsofaffin tamma da dala, da kan kibiya, da guntun linzami, da munduwar tagulla. Ban taɓa sayar da ko ɗaya ba, zinariya kuma ban taɓa ganin ta ba sai a bakin alhazai.

Bayan kakar bara na je gaida Gwaggo, na ɗauki apare, domin na ji an ce ayari ya kan yada zango kusa da gonarta a da. Ta dama mini fura, ta ce in je in yi wasana, ita za ta gidan suna. Na share tsakiyar gona ban samu komai ba sai gwangwanin tumatir. Da na koma gefen yamma, apare ya kwarma kuka irin wanda ban taɓa ji ba. Na tona kusan kamu biyu, na iske kasko a kife, na fasa shi don zumuɗi, sai ga ƙarfen hauya, ƙirar mutanen da. Na ci gaba a kan layin, na sake tono wani, shi ma da kaskonsa. Zuciyata fari ƙal, ina ta tsara wa kaina labari cewa wasu ne suka ɓoye kayansu a lokacin yaƙi. Ana nan sai pil, wato batirin apare, ya ƙare. Na cike ramukan yadda na saba, na zuba ƙarafan a buhu, na hau kabu-kabu na dawo gida.

Abin da ban sani ba, ranka ya daɗe, kai ka san shi, kowane yaro a ƙauyen ya san shi. A can, in an raba gona, ana karɓo tsofaffin hauyoyi daga maƙera a binne su a kan iyaka, ɗaya a kowane ƙarshe, ɗaya a tsakiya, a kife musu kasko, a gaban mai gari da dattawa. Shaidu suke ce musu. Gamba ana iya tuge ta, itace ana iya sare shi, amma shaidu suna nan a ƙasa har ranar da rigima ta tashi a tono su. Mahaifina ya bar noma kafin a haife ni, ba wanda ya taɓa gaya mini. Wannan ba hujja ba ce, domin ni ma ban tambayi kowa ba. Mutum ya ga ƙarfe biyu iri ɗaya, a layi ɗaya, kowanne da murfinsa, ai ya kamata jikinsa ya ba shi cewa ajiya ce. Na wanke su da lemun tsami, na shafe su da mai, na rataye a bangon shago ina nuna wa masu kawo gyara.

Na biyu, abin da ya biyo baya.

Alhaji Isufu ya sayi gonar da ke yamma da ta Gwaggo daga hannun magada da suka daɗe da barin ƙauye. Su suka nuna masa iyaka, suka haɗa da kwarin. Ban ce ya yi zalunci da gangan ba, abin da aka nuna masa ya saya. Amma ka san gonar Gwaggo. Samanta jigawa ce, gero ya kan yi in damina ta yi kyau, ya kan ƙi in ta ƙi. Kwarin nan shi ne mai riƙe laima, nan take samun dawa da kuɓewa da yakuwa ko a shekarar da ruwa ya yi rowa. Shi yake ciyar da ita tun rasuwar mijinta.

Da magana ta zo gabanku, Gwaggo ba ta yi gardama ba, ta ce a tono shaidu. Tana amarya aka binne su, ita ta kai wa mazan ruwan sha a ranar. Ta taka da ƙafarta ta nuna wuri biyu, aka tona a gaban mai gari da wakilanku da rabin ƙauye, ba a samu komai ba. Wuri na uku, na ƙarshen arewa, rairayi ya hau kansa, gawon da ake kwatance da shi an sare shi tuntuni, aka yi ta tona a banza har aka gaji. Sai kwamiti ya yanke, aka karanta a bainar jama'a cewa maganar Habsu ba ta da tushe. Ka san yadda ƙauye yake fassara wannan. Tsohuwar da aka sani da gaskiya tun ƙuruciya, yau ana nuna ta da baki a bakin rijiya.

Ni duk ban ji ba, ina shago ina fama da gyara. 'Yarta Rakiya ce ta shigo birni ta biyo da rediyonta a gyara. Taubashiyata ce, ba ta taɓa shiga shagona ba tare da ta ce mini bawanta ba. Ranar ta buɗe baki za ta fara tsiya, idonta ya kai bango, ta tsaya kamar an dasa ta. Ta tambaye ni inda na samo su, na gaya mata har da alfahari. Ba ta zage ni ba. Ta zauna a kan bencin masu jira ta ba ni labari tun daga farko, tana magana tana kallon ƙasa. Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ta tafi ta bar rediyon, har yau yana nan ban iya taɓa shi ba.

Na uku, abin da na tarar a biro ɗinka, kuma nan ne ƙarata take.

Washegari na rufe shago na zo da hauyoyin biyu da apare, don in nuna yadda aka yi. Sakatarenka bai bari na kai ƙarshen magana ba. Da ya ga apare sai ya ce ni mai neman zinariya ne ba da izini ba, ya kira wani ya karɓe shi, aka kulle a kabad. Hauyoyin ma aka karɓe, wai kayan tarihi ne. Ya ce ƙarfen da ya riga ya fito daga ƙasa ba shaida ba ne, kowa zai iya sayo tsohuwar hauya a kasuwar Tirmini ya ce daga iyaka ya tono ta. A nan ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa, kuma ni na mayar da su haka. Laifinsa shi ne da na ce akwai ta uku a ƙasa, ya ce an rufe magana.

Tun daga nan nake zarya. Yau an ce kana taro, gobe an ce ka tafi rangadi, jibi an ce in dawo bayan kasuwa. Ban sani ba ko an taɓa gaya maka cewa akwai wani mai gyaran rediyo da ke zaune a waje. Ina kyautata zaton ba a gaya maka ba, shi ya sa na biyo ta wannan hanya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, abin da zai warware rigimar yana cikin kabad ɗinku, taku kaɗan daga kujerarka. Hauya ta uku tana nan inda aka binne ta, ba don hankalina ba, don pil ya ƙare ne kawai. Abin da dattawa suka kasa samu da cebur a cikin rairayi, apare zai ji shi kafin rana ta yi zafi.

Lokaci kuma ba ya jiran randebu, wato ranar da za a sa mini in gan ka. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yammaci, 'yan ƙwadagon Alhaji sun yi sassabe a kwarin sun zuba taki. In ruwan shuka ya sauka ya shuka, ba mai tuge shukar mutum, sai a ce a bari sai bayan kaka. Bayan kaka kuma a ce ai ya riga ya noma. Gwaggo ta tsufa, ban san damina nawa ta rage mata da za a ce ta jira ba.

Na huɗu, abin da nake roƙo.

Ina roƙon ka sa rana kafin ruwa ya sauka, ka zo da kanka ko ka turo wanda ka amince da shi, a kira mai gari da Alhaji Isufu da dattawa. A fito da apare na safiya ɗaya. In ba a yarda da hannuna ba, kuma akwai dalilin ƙin yarda, a ba wani ya riƙe, ni in tsaya daga nesa in gaya masa inda zai danna. In an samu hauyar, a kira maƙerin ƙauye ya gwada ta da biyun da ke hannunku, zai gane ƙirar gidansu. Zan nuna ramukan da na tona, in rantse da Alƙur'ani a kansu. In an gama, a mayar da shaidun uku ƙasa a gaban kowa. Apare kuwa ku riƙe, ko ku fasa, ba na son ganinsa. In akwai hukuncin wanda ya tuge iyaka, ga ni, ba zan nemi sassauci ba.

Roƙo na ƙarshe shi ne a karanta wannan wasiƙa a wurin da aka karanta hukuncin, da murya iri ɗaya. Ga dalilina. Da na je ƙauye neman gafarar Gwaggo, na durƙusa na fara bayani, sai ta tsayar da ni, ta ce ta sani. Tun ranar tonon ta sani. Ta ga ƙasar ramin ta yi laushi ba kamar ta shekaru ba, ta ga gutsattsarin kasko da sabon fashi, ta tuna wanda ta ce ya je ya yi wasansa. Kalma ɗaya za ta faɗa a wurin a dakatar da komai a aiko a kira ni. Amma ta ƙi faɗa. Ta ce tuge iyaka abin kunya ne da ke bin zuriya, ba za ta tsaya a gaban gari ta kama sunana ba, ni ɗan marigayi yayanta. Ta gwammace a ce ita ce ta yi ƙarya. Har ta gargaɗe ni kada in kuskura in fasa maganar, don haka wannan wasiƙa ba da izininta na rubuta ba, kuma na san za ta yi fushi. Na fi son fushinta da wannan rufin asiri, domin ya hana ni barci, ya hana ni kallon mutane.

Ranka ya daɗe, akwai damin irin dawa da take ratayewa a ɗakinta kowace shekara don kwarin nan kaɗai, jigawa ba ta karɓar sa. Ran da na je na iske ta sauko da shi, ta ce tunda ba wurin shuka shi, gara a sussuke a yi tuwo. Na riƙe damin na roƙe ta, ina kuka kamar yaro, ni da furfura a gemu. Da ƙyar ta yarda Rakiya ta mayar da shi sama. Ta ce za ta jira ni zuwa ruwan farko, in ya sauka ba a zo ba, za ta sa a turmi.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka daga ɗaukar hakkin wani a rashin sani, domin na ɗanɗana na ji yadda yake. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa ka riga ta isowa.

Wassalam, daga mai jiran amsarka yana duban gabas,

Laminu mai gyaran rediyo,
Zango, Zinder.