Ƙorafi Kan Kisan Ƙudan Zuman Lambunmu

Zuwa ga Mai Girma Wakilin Gona,
Ofishin En'e, Sakkwato,
Ta hannun Mai Girma Hakimin Bodinga.

Daga Malami Husaini, tela,
Magatakardan Ƙungiyar Masu Lambu ta Bodinga da Shagari.

Litinin, 2 ga Maris, 1964.

Game da: Feshin dafi da ya hallaka amya goma sha ɗaya a fadamarmu

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma da biyayya, ni ne mai suna a sama, nake kawo kukan gidaje ashirin da uku da ke cikin wannan ƙungiya. Mun kafa ta a watan Oktoba na 1960, watan da aka sami mulkin kai, domin mu riƙa fidda irin albasa da kanmu. Ga abin da ya same mu.

1. Shekara biyu muna barin albasa ta yi fure, amma in mun murza kan sai mu tarar rabinsa fanko. Ran Lahadi 10 ga Maris, 1963, muka kai ziyarar gani da ido Dandin Mahe, mu goma sha shida, wasu a keke, wasu a jaki. Can wani dattijo mai suna Malam Mode ya tsai da mu a bakin fangalinsa tun hantsi, ya ce kada mu yi magana, mu dai duba. Muka ga ƙudan zuma na bin fure ɗaya bayan ɗaya. Ya murza mana kai guda a tafin hannu, ga iri baƙi ƙirin, cike. Ya ce ba taki muka rasa ba, waɗannan baƙi masu bin fure muka rasa.

2. Da muka dawo muka saƙa amya goma sha huɗu, muka rataya a gawo da tsamiyar da ke gefen lambu. Muka yi doka a tsakaninmu: ba mai cin zuma da wuta, ba mai sare reshe mai fure. Bana zuma ta shiga duka goma sha huɗun, albasa ta yi fure fari fat, irin wanda ban taɓa gani ba.

3. Gabas da mu akwai gonar taba ta wani mai suna Ɗanladi, wanda ya sayo famfon feshi da wani farin magani. Tun kafin azumi ni da mutum biyu muka same shi cikin ladabi. Ba mu ce ya bar feshi ba, gonarsa ce. Roƙonmu kawai shi ne ya bari sai gab da magariba, lokacin da zuma ta koma gida kuma iska ta kwanta. Ya amsa mana da cewa bai taɓa jin inda aka kai ƙarar mutum saboda ƙwaro ba.

4. Ran Talata 18 ga Fabrairu, da hantsi, iska na kaɗowa wajenmu, ya yi feshinsa. Uwani, wata gwauruwa 'yar ƙungiyarmu mai marayu huɗu, ita ta fara gani da ta zo ban ruwa. Ta tarar da ƙudan zuma zube a fangali kamar an watsa gero, wasu na juyi a ƙasa ba su iya tashi. Ta kwashe cikin ƙwarya har sau uku kafin ta aiko a kira ni. Ranka shi daɗe, na je na iske ta zaune bakin rijiya. Amya goma sha ɗaya sun yi tsit. Fangali tara na Uwani su ne mafi kusa da iyaka, kuma da irinsu ta yi niyyar shuka baɗi.

5. Mai unguwa ya aika wa Ɗanladi sau biyu, ran 20 da ran 25 ga Fabrairu, bai zo ba. Maimakon haka ya faɗa a kasuwa, a gaban shaidu, cewa zai sake feshi ran Asabar 7 ga Maris, da hantsi kuma. Samarinmu sun so su je su fasa famfon. Ni na tare su, na ce akwai hukuma. Yanzu in na wuce kallona suke yi.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma, don Allah, abu uku. A turo malamin gona ya gani da idonsa kafin Asabar. A hana feshi da rana a wannan fadama muddin albasa na fure. A kuma kira Ɗanladi a faɗa masa haka da bakin da zai ji, tunda namu bai isa ba. Ba mu nemi a ɗaure kowa ba. Amya uku suka rage mana, kuma furen ƙarshe bai wuce kwana goma ba zai bushe.

A gafarce ni, cikin ambulan ɗin nan akwai ɗan ƙullin tsumma. Kaɗan ne daga abin da Uwani ta kwashe. Ta ce a kai wa manya, ko a ƙidaya ko kada a ƙidaya, a dai buɗe.

Allah shi ja zamaninka, shi ƙara maka adalci.

Mai biyayya gare ka,

Malami Husaini,
Magatakarda,
tare da dangwalen yatsan mutum ashirin da biyu a bayan takarda.