Taki Tara Gabas da Aduwa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan makwancinki da sanyi. Ni ce Hadiza, autarki.

Inna, da za ki dawo yau, da kin ɓata a bayan garin Konni. Kin tuna gonakin da suka taso daga rijiyar Fulani suka gangara bakin korama, da 'yar maƙabartar dangi a gefe? Lokacin da muka rasa ki, bayan yunwar tamanin da huɗu, babu komai can sai gero da awaki. Sai wani maƙeri ya kafa rumfa bakin titin Tawa. Mai walda ya biyo shi, sai mai injin niƙa, sai masu faci. Da manyan motoci suka fara sauke siminti daga Malbaza, masu buga bulo suka cika wurin. Unguwar Bulo ake ce mata yanzu. Ke da ƙarar turmin maƙwabta ke sa wa ciwon kai, cikin wannan hayaniya kike kwance.

Kin san mu mata ba ma bin gawa. Ranar da aka fita da ke, Kawu Ila ya dawo da ƙasa a gwiwoyinsa, ya ce mini: "Taki tara gabas ga aduwa, ɗiyata. Nan munka aje ta." Ba dutse, ba suna, kamar na kowa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da wannan maganar kaɗai nake riƙe da ke.

An sare aduwar, Inna. Wai ta tare wa motoci hanya.

Makon jiya na je niƙa, na ga an kafa turaka an ja igiya. Garaji za a gina, ranar Asabar za a fara haƙa tushe. Mai filin ba mugu ba ne. Takardarsa daga buro, ofishin hukuma, ta fito, kuma babu kabari a cikinta. Ya ce in an nuna masa wurin, zai karkatar da bango.

Baba ya bi ki, liman ya bi ki. Cikin waɗanda suka rufe ki, Kawu kaɗai ya rage. Jiya muka ɗora shi a amalanken jaki. Ya lalubo kututturen aduwar da sandarsa, ya fuskanci gabas, ya taka tara, ya tsaya.

Amma ni ƙafafunsa nake kallo. Wannan wan naki da kike wa tsiya cewa in ya taka ɗaya sai kin taka uku, yanzu jan ƙafa yake. Taransa na yanzu bai kai shida na wancan lokacin ba. Na faɗa masa. Ya ƙara uku, ya dawo biyu, ya tsaya yana waige-waige, sai hawaye.

Na roƙi mai filin ya bar mana duk tsakanin wuraren da Kawu ya tsaya. Ya ce zai yi shawara. Tsoro nake ji, kada in nuna wuri da hannuna, a ɗora bangon a kanki.

Na dasa 'yar aduwa inda Kawu ya tsaya na ƙarshe, na kewaye ta da ƙaya. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, shi da ba ya buƙatar a nuna masa wuri. In ba ke ce ƙarƙashinta ba, Innata, ki yafe mini. Wadda ke nan ma uwar wata ce, zan ci gaba da ba ta ruwa.

Taki har kullum,
Hadiza